Tauraruwa Tana Riƙe da Bututu

Asabar, da hantsi

Ranar da abin ya faru ina kwance a doguwar kujera, ƙafa ɗaya a kan matashi, ina karatu. Na kai wurin da yarinyar ta tsaya a tashar jirgi da akwatinta, likitan kuma yana gudu cikin ruwan sama bai san ta wace ƙofa za ta shiga ba. Ina jin ƙaurin tukunya ina cewa bari dai in ƙarasa shafin. Sai waya ta yi ƙara. Anti ce, matar Yaya. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Auta, ki zo asibiti, wuta ce ta..." Na sa cokalin shayi a tsakiyar littafin don kada shafin ya ɓace mini. Har yau cokalin yana ciki.

Abin da na gani a asibiti ba zan rubuta ba. Hannun Yaya na dama ne. Shi ke nan.

Yaya ma'aikacin wutar lantarki ne. Shi ya riƙe ni tun rasuwar Baba, shi yake kai ni makarantar fasaha a bayan babur, kuma a wurin aikinsa mijina ya fara ganina ranar da na kai abinci. Mijina kowa Injiniya yake ce masa. Da ina da wani suna da nake kiransa da shi, daga littafi na ɗauko. Yanzu Injiniya nake cewa, kamar leburorinsa. Ofishinsa ne ke tsara hanyar ruwa da wuta da iska a gine-gine, shi ne kuma ke sa a yi aikin. Ginin da aka kira Yaya ya duba akwatin wuta ranar nan, aikin Injiniya ne.

Mai zanen ofishin, dattijon nan da ke ɗora tabarau a goshi, ya tattara kayansa a makon ya tafi. Injiniya ya ce abin da ya sami Yaya laifin dattijon ne. Wata rana kuma ya ce na mai famfo ne.

Jiya ya ajiye kwamfuta a kan teburin cin abinci, ya ture littattafaina gefe.

"Kin yi zane a makaranta, ko? Masu duba sabon ginin nan sun ce ba sa karɓar takarda, sai samfurin kwamfuta. Na sa sunanki a aji. Ran Litinin za ki fara."

Na ce ba a tambaye ni ba.

"To ga shi ana tambayarki. Ya fi miki karatun ƙaryar soyayya."

Bai tambayi jikin Yaya ba.

Litinin, bayan la'asar

Ajin yana saman wani shagon taya. Warin roba har cikin ɗaki. An saki labule duka don kada haske ya bugi fuskar kwamfuta, fanka ɗaya tana juya zafi. Maza ne duk, sai ni da Malama. Gajera ce, makullai a hannu, in za ta nuna abu da makulli take ƙwanƙwasa gilashin. Ina jin tun da aka haife ta ba ta taɓa karanta labari ba.

Ta ce kowa ya zaɓi sunan da manhajar za ta san shi da shi. Na ɗauka abin wasa ne na aji. Na rubuta Tauraruwa. Haka wani saurayi yake kiran budurwarsa a littafin da na fara karantawa a duniya, ina ɓoye shi a cikin littafin lissafi. Malama ta leƙa, ta kalle ni, ta wuce.

Ta ce mu manta da zane. "Layi bai san komai ba. A nan ba layi kuke ja ba, gini kuke yi. Bututun da kuka sa ya san faɗinsa, ya san abin da yake ɗauke da shi, ya san ɗakin da ya ratsa."

To madalla da bututu. Ya fi wasu mutane.

Talata, da rana

Na gano inda ake ɗauko gado da kujeru. Gidan gwajin da aka ba mu ba kowa a ciki, bango ne fari da ƙofofi. Na sa gado kusa da taga a ɗakin sama, na sa fitila, na sa kujera biyu suna kallon juna a baranda. Na shiga ciki da ido ina yawo. Na ɗan ji daɗi, karo na farko tun ranar nan.

Makulli a gilashi.

"Tauraruwa, sayar da gado aka aiko ki yi? Ina bututun banɗaki?"

Mazan suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Ta goge gadon da kanta. Kujerun barandar ba ta gan su ba, suna nan.

Laraba, da yamma

Bututuna yana hawa sama. Ruwan banɗaki ba ya hawa sama, in ji Malama, a gaban kowa.

Jumma'a, da hantsi

An sallami Yaya. Na je gidan. Yana zaune a tabarma, an naɗe hannun har gwiwa, ya ɗora shi a kan matashi kamar baƙon da aka ba shi ajiya. Da ya gan ni ya ce, "A'a, ƙaramar injiniya. An ce kin zama mai famfo." Na yi dariya don shi. Anti tana ta shara a wurin da ba datti.

Da zan tafi ta rako ni bakin ƙofa. Ta ce abokin aikinsa da ya ja shi ya faɗa mata tun daga sama ruwa yake ɗiga, ɗiga-ɗiga, a bayan akwatin, ba wanda ya lura. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Sai kuma ta ce Injiniya ya aiko cewa in an fara wutar sabon gini, Yaya ne zai tsaya a kan ma'aikata, ba sai ya riƙe filaya ba. "Allah Ya saka masa," in ji ta. Na ce amin, don ba abin da ake cewa sai amin.

Aike ya yi. Bai zo ba.

Lahadi, da safe

Na ɗauki littafin, na ga cokalin, na ajiye.

Litinin, bayan azahar

Yau an koya mana yanka gini. Ka ja layi a inda kake so, sai manhajar ta tsaga gidan kamar burodi, ka ga cikinsa daga gefe: kankaren bene, silin, da ramin da ke tsakaninsu inda komai yake bi. Bututun ruwa, na ƙazanta, tiren wayoyi, ƙaton bututun iskar sanyi, duk suna cunkushe a wuri ɗaya suna ture juna kamar 'yan haya. Shekarata nawa ina kwance ina kallon silin ina mafarki, ban san abin da ke bayansa ke nan ba.

Malama ta ce a zanen takarda, ruwa yana shafinsa, wuta tana nata shafin, kowanne tsaf, ba sa haɗuwa sai a ginin. A nan kuwa wuri ɗaya suke, in sun yi karo manhajar ta yi musu ja.

Ba na son matar nan. Amma na rubuta wannan a bayan hannuna.

Laraba, da yamma

Injiniya ba ya iya jira in gama aji. Ya shigar da ni cikin samfurin ginin gaske, sabon nan mai hawa uku, shaguna a ƙasa, ofisoshi a sama. Samfurin guda ɗaya ne, ana ce masa uwa, yana can a intanet, ofishin masu zanen gini da na masu duba aiki da namu duk a cikinsa muke aiki. Ya ba ni tsofaffin takardun dattijon ya ce in kwafa bututun banɗakunan hawa na ɗaya yadda suke.

Ya tsaya a bayana yana numfashi a wuyana.

"Ba nan ba. Can. Ke ba kya gani ne?"

"To karɓi ka yi."

"Da ina da lokaci da zan sa ki?"

Ba lokaci ba ne. Ya iya jan abu daga nan zuwa can, iyakarsa ke nan. Mun sani, ni da shi.

Alhamis, bayan magariba

Yau na sha kunya, kuma ban yarda laifina ne ni kaɗai ba.

Da safe na taɓa bututai da bangon banɗaki ina gyarawa, na rufe kwamfuta na tafi kai wa Yaya magani. Ashe duk abin da ka taɓa a cikin uwa, manhajar tana rubuta shi da sunanka, ba wanda zai iya motsa shi sai ka mayar da aikinka ka sake shi. Ba wanda ya faɗa mini. Masu zanen gini suna son matsar da bango, ya ƙi. Duk wanda ya taɓa sai rubutu ya fito masa: Tauraruwa tana riƙe da wannan. Wuni guda, ofis uku.

Injiniya ya shigo ko takalmi bai cire ba.

"Wace ce Tauraruwa?"

Bai jira amsa ba.

"Manyan mutane suna bugo mini waya suna tambaya wace ce Tauraruwa a ofishina. Wani har cewa ya yi in gaishe ta. Ba ki da suna ne? Sai na waƙa?"

"Ka tambayi sunan da na sa kafin ka shigar da ni?"

"Buɗe ki saki. Yanzu."

Na buɗe, na nemi wurin, na saki. Ya ce gobe in canza sunan. Na tambayi Malama ta waya, ta ce canzawa a tsakiyar aiki rikici ne, in bar shi. Ta ƙara da cewa, "Yanzu kin koya. Abin da kika taɓa naki ne har sai kin sake shi." Ko sannu ba ta ce ba.

Asabar

Ba ma magana. Ya ci abinci a tsaye.

Litinin, da rana

Darasin akwatin wuta. Malama ta ce kowane akwati yana da filinsa, a gabansa da samansa har kankare, ta zana shi kamar akwatin gilashi. Bututun ruwa ba ya shiga wannan fili, ko na sha ko na ƙazanta. Wani a baya ya ce ai bututu mai kyau ba ya yoyo. Ta ce, "Kai ka taɓa ganin mahaɗar da ta yi alkawari?"

Ina dawowa na buɗe ginin gaske. Na sa filin gilashin a kan babban akwatin da ke ɗakin wuta a ƙasa. Na ce manhajar ta duba karo.

Ja.

Bututun ƙazanta na banɗakunan hawa na ɗaya, wanda na kwafa da hannuna daga takardar, ya sauko ta kankare, ya karya kwana, ya bi ta saman akwatin. Kwanar tana daidai kansa. Na yanka ginin a wurin, na zauna ina kallo. Ɗiga-ɗiga, in ji Anti.

Ban dafa komai ba yau.

Talata, da safe

Na nuna wa Injiniya yana shan shayi. Ya kalla kaɗan ya ɗauke kai.

"Matsar da shi. Ki bi da shi ta farfajiya."

Wallahi sai da zuciyata ta yi sanyi. Na ce a raina ashe bai sani ba ne, ashe takarda ce ta cuce shi. Har na fara shirya yadda zan ba Yaya labari. Haka nake, ko yaushe ina rubuta wa mutane babi mai kyau kafin su buɗe baki.

Na ce to sai a gaya wa masu aiki a canza.

"Wa ya ce a canza? A kwamfuta za ki matsar. An riga an zuba kankare."

Ban gane ba. Ko dai na gane na ƙi yarda. Ya ce in ɗauko gyalena in gani da idona, tunda na zama mai ilimi.

Talata, bayan la'asar

Ginin ƙashi ne kawai, ba ƙofa ba taga, ƙasa duk ƙusa da guntun katako. Amma na san shi. Na san inda zan juya ba tare da an nuna mini ba, don na sha yawo a cikinsa. Ɗakin wuta ɗan ƙarami ne a bayan matakala, an zana wurin akwatin da alli a bango. Na ɗaga kai. Rami biyu a kankaren, zagayayyu, an toshe su da takardar siminti. Daidai kan allin.

Ya tsaya a bakin ƙofa da hular kwano a hannu.

"Kin gani? In na ce a canza, sai a huda sabon kankare, a sauke silin ɗin shagon gaba, a je a gaya wa mai ginin an yi kuskure. Shi kuma ya tambayi wa ya yi. Masu duba aiki su ce a kawo sauran gine-ginen da muka yi. Kin san me ke nan?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Za mu sa faranti a ƙarƙashin bututun, ko ya ɗiga ya tare. Haka muke yi kullum."

Na ce, "A wancan ma an sa faranti?"

Wani lebura ya wuce da baro, ya gaishe mu. Injiniya ya amsa masa da fara'a, har da tambayar iyali. Ni bai amsa mini ba.

A mota ya ce taron masu duba aiki ran Alhamis ta sama ne. Za su buɗe samfurin a babban allo, duk abin da ya yi ja a yi maganarsa. Kafin ranar yana son bututun ya koma farfajiya. A kwamfuta.

Laraba

Haka muke yi kullum.

Alhamis, da hantsi

A littafi, a nan ne matar take gano mijin yana da wani ciwo a ɓoye, ko maƙiya ne suka yi masa sharri, sai ta yi kuka ta roƙe shi gafara. Na duba ko'ina. Ba maƙiyi. Rami biyu ne a kankare.

Jumma'a, da yamma

Zan rubuta wannan don kada a ce ban yi masa adalci ba. Ina dosar gidan Yaya na hango motar Injiniya a ƙarshen layin, ƙarƙashin bishiya. Yana ciki, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon ƙofar gidan. Na laɓe a jikin shagon mai ɗinki ina jira ya fito. Na ce in ya fito, in ya taka ya shiga ya zauna a tabarmar nan ya kalli hannun, zan iya komai. Ya daɗe. Sai ya tada mota ya yi baya.

Da likitan littafina ne da wannan ya isa a yafe masa. Ni bai ishe ni ba.

Da na iso gida ya riga ni. Ya ce, "Kin matsar?" Na ce ina koyon yadda ake yi.

Asabar, da rana

Anti ta zo. Ba ta taɓa zuwa gidana ba tare da ta bugo ba. Ta zauna a bakin kujera, jaka a cinya. Ashe Injiniya ya kira ta. Ita ya iya kira.

"Auta, ni ban san kwamfuta ba. Ya ce wani ɗan layi ne za ki matsar kin ƙi."

"Ba layi ba ne, Anti."

"Ko ma mene ne. Yayanki ba ya barci. Ba zafin hannun ba ne, zaman ne. Jiya ya ce in ba shi abin gwada wuta ya riƙe da hagu, ya faɗi, ya ce in fita in ba shi wuri. Aikin nan shi kaɗai yake jira. In ofishin ya rufe, wa zai ɗauki mai..." Ta tsaya. Ita ma ba ta iya faɗa. "Yara suna tambaya yaushe Abba zai koma aiki. Ke kuma aurenki ko shekara biyu bai yi ba."

Na ce na ji. Ta ce ba ji take so ba. Na kawo mata ruwa, ba ta sha ba.

Na ji haushinta, na ji haushin kaina da na ji haushinta. Shi kuwa da ya turo ta, ba ni da kalmar da zan rubuta.

Litinin, bayan azahar

Na tsaya bayan an tashi aji. Na tambayi Malama, in samfuri ya nuna abu a wani wuri, a ginin kuma yana wani wuri, me ake kiran wannan. Tana kashe kwamfutoci ɗaya bayan ɗaya, ba ta juyo ba.

"Ƙarya."

Na ce to in mutum yana riƙe da abu, wani zai iya ƙwacewa? Ta ce sai da kalmar sirrinsa. Ko kuma shugaban masu duba aiki ya ƙwace da kansa, shi kuma sai ya tambayi dalili. Sai ta juyo ta kalle ni, kallo mai tsawo.

"Ni manhaja nake koyarwa, Tauraruwa. Ja mini ƙofar in kin fita."

Talata, da hantsi

Na kai wa Yaya kwamfutar. Anti ta tafi kasuwa. Yana koyon shan shayi da hagu, rabi a baki rabi a riga.

"Kin ga yayanki ya koma yaye. Me kika kawo, fim?"

Na buɗe masa ɗakin wutar sabon ginin.

"Kai, ji akwati kamar na gaske. Juya mini shi." Na juya. "Ɗaga sama." Na ɗaga. Ya ajiye kofin.

Na yanka masa wurin. Ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin, ya bi bututun da ɗan yatsan hagu, daga banɗaki, ta kankare, zuwa kwanar. A nan yatsan ya tsaya.

"Ranar nan ban ɗaga kai ba," ya ce. "Wa ke ɗaga kai? Akwati kake kallo."

Na gaya masa sauran. Ramukan, farantin, taron jibi, da aikin da aka yi masa alkawari. Ya saurara yana kallon matashin da hannun yake kai.

"Auta, kada ki yi komai don ni. Nawa ya riga ya faru."

"To in matsar?"

"Ban ce ba."

"In bari?"

"Ban ce ba. Ke da mijinki ne." Ya gyara matashin. Can ya ce, kamar da kansa yake magana, wanda zai riƙa buɗe akwatin nan bayan an gama ginin, ƙila yanzu yana wani wuri yana shan shayi, bai san komai ba. Sai muka ji motsin Anti a ƙofa. Ya rufe kwamfutar da gwiwar hannu, ya ɗaga murya: "Wannan fim ɗin naki ba daɗi, ba ko waƙa."

Talata, bayan la'asar

Na shiga uwa. Na taɓa bututun, daga banɗaki har inda ya fita daga ɗakin wuta, kowace mahaɗa, kowace kwana. Ban matsar da shi ko kaɗan ba. Na mayar da aikina, da manhajar ta tambaya ko in saki abin da na riƙe, na ce a'a. Na rufe.

Laraba, da safe

Injiniya ya gwada matsar da bututun da kansa a ofis tun da sassafe. Na san ya gwada don ya dawo gida kafin in gama wanke kofuna.

"Kin sake mantawa."

"Ban manta ba."

Ya tsaya. Ina jin sai a lokacin ya kalle ni sosai tun ranar asibiti.

"Amarya," ya ce. Rabon da ya kira ni haka har na manta. "Zauna mu yi magana. Wannan ginin kawai. Na gaba duk yadda kika ce haka za a yi, ke za ki tsara tun daga farko. Na rantse."

Da a ce watan jiya ne da na narke. Muryar ce dai, irin wadda nake karantawa. Na ce ya je ya gaya wa mai ginin yau, da bakinsa, kafin taro. In ya yi haka zan zauna in zana masa sabuwar hanya ta farfajiya, ta gaske, in saki komai.

"Ke za ki ba ni sharaɗi? A gidana? Da kwamfutar da na ba ki?"

Ya jawo ta gabansa ya ce in faɗi kalmar sirri. Na ce ya sani. Sunan likitan nan ne na littafin, na ba shi labarinsa a kan kujerar nan ba sau ɗaya ba, kaina a kafaɗarsa, yana cewa uhm, uhm. Ya gwada ranar haihuwata, bai ma daidaita ta ba. Ya gwada sunansa. Ya gwada Tauraruwa.

Ya ce in har aka buɗe allon nan gobe da ja a kai, in san inda zan kwana. Ya ce in tuna da Yaya.

Na ce ina tunawa. Ni ce ma nake zuwa duba shi.

Laraba, da yamma

Saƙo ya shigo ta cikin manhajar daga ofishin masu duba aiki. Cikin ladabi. Suna share jajaye kafin taro, sun ga Tauraruwa tana riƙe da bututu a kan akwatin wuta, ko za ta gyara ta saki?

Na daɗe ina kallon wurin amsa. Na rubuta dogon bayani, na goge. Na rubuta mai kuka, irin na littafi, na goge. Abin da na tura: A nan yake a ginin. An riga an bar masa rami a kankare.

Alhamis, da hantsi

Injiniya ya fita bai sha shayi ba. Anti ta bugo, ban ɗauka ba, ta sake bugowa. Zan je in same ta da kaina, ta faɗa mini duk abin da za ta faɗa a fuskata.

Na sa kaya kaɗan a jaka, ban sani ba ko za a buƙace su. Littafin na ɗauka zan sa, sai na zare cokalin, ya bar tsatsa a shafin. Na wanke shi na mayar cikin 'yan uwansa. Littafin na bar shi a kan kujera.

Taron bayan azahar ne. Sun turo mini hanyar shiga ta kwamfuta, sun ce ko Tauraruwa za ta samu halarta. Zan shiga. In sun tambaya zan yanka musu ginin a wurin.

Bututun yana kan akwatin wuta, da sunana. Ba zan sake shi ba.